Mage Ta Ji Rauni: A Gida Za A Yi Ko A Asibitin Dabbobi?

A makon jiya wani ɗalibinmu ya shigo aji da hannu a ɗaure. Da muka bincika, sai ya ce muzurun gidansu ne ya dawo daga faɗa da rauni, shi kuma ya danne shi zai shafa masa baƙin mai, muzurun ya gantsara masa cizo. Wannan ya sa muka ga ya dace mu yi magana.

A nan Briketeri kusan kowane gida da magensa, domin in ba ita, ɓeraye ba za su bar mana hatsi ba. Amma in ta ji ciwo, sai mu ɗauko toka, ko baƙin mai, ko Dettol. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Mage tana lashe duk abin da aka shafa mata, kuma waɗannan suna iya zame mata guba. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya tak tana iya kashe ta.

Raunin da za a iya yi a gida shi ne ƙurjewa ta saman fata, wadda jininta ya tsaya, magen kuma tana ci tana yawo. A tafasa ruwa rabin lita, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, a bari ya huce. Babban mutum ya naɗe ta a tsohon zane, a wanke wurin safe da yamma. In akwai Bétadine, a sirka ta da ruwa har ta yi kalar shayi.

Raunin da ya fi haɗari kuwa shi ne wanda ba ya ba ido tsoro, wato hudar haƙori. Bakinsa yakan rufe da wuri, datti na ciki, bayan kwana 2 zuwa 4 sai kumburi da mugunya. Wannan na likitan dabbobi ne. Haka nan in jini ya ƙi tsayawa, ko fata ta buɗe, ko raunin yana kusa da ido, ko yana wari, ko magen ta ƙi abinci yini guda.

Sai babbar magana, ciwon haukan kare. Mage ma tana ɗaukarsa, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Duk wanda mage ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a kai shi asibiti a ranar. Centre Pasteur, wadda aka kafa a 1959, tana nan kusa da Babban Asibitin Yawunde, kuma ana yin allurar a can. Can muka tura iyayen yaron nan, alhamdu lillahi sun je.

Iyaye, kada a bar wa yara jinyar dabba. Kuma a riƙa kai mage allurar rigakafi a ofishin likitan dabbobi, domin kuɗinta bai kai na jinyar ɗan mutum ba. Allah Ya kiyaye mana zuri'a. Sai wata mai zuwa.