Karin Maganar Turanci: Mu San Ma'ana, Mu San Wurin Faɗa

Kowace shekara muna ganin ɗalibai masu ƙoƙari suna tuntuɓe a jarrabawar Turanci ta WAEC da NECO, ba don ba su san kalmomi ba, sai don sun ɗauki karin magana kalma-kalma. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama wanda bai ci Turanci da kiredit ba, ƙofar jami'a a rufe take a gare shi.

Mu duba namu harshen tukuna. In aka ce wane yana da farin jini, ba wanda zai kai shi asibiti. In aka ce yana da dogon hannu, akwatinmu za mu kulle. Haka Turanci yake. Wanda ya ce "I am pulling your leg" bai taɓa ƙafarka ba, zolayarka yake yi. "Beat about the bush" kuwa kewaye-kewaye ne a magana, babu daji, babu sanda.

A ganinmu, haddace dogon jerin ma'anoni daren jarrabawa ba shi da amfani sosai. Abin da ke zama a kai shi ne labarin da ke bayan maganar. A nan ɗaliban makarantarmu suna da rabo babba, domin da yawa daga cikin waɗannan maganganu sun fito ne daga Littafi Mai Tsarki, wanda juyinsa na King James na 1611 ya yi tasiri ƙwarai a kan Turanci. "The writing on the wall" na nufin alamar cewa faɗuwa ta kusa. Ku tuna da hannun da ya yi rubutu a bango a bikin sarki Belshazzar, cikin Daniyel sura 5. "To wash one's hands of" wani abu shi ne a janye daga alhakinsa, kamar yadda Bilatus ya yi a Matiyu sura 27. "Scapegoat" kuma shi ne wanda aka ɗora wa laifin wasu. William Tyndale ne ya ƙirƙiri kalmar a 1530, saboda bunsurun da ake kora jeji a Littafin Firistoci sura 16. Wanda ya saurara da kyau a Makarantar Lahadi ya riga ya yi rabin aikin.

Sanin ma'ana kaɗai bai isa ba, sai an san wurin faɗa. "Kick the bucket" na nufin mutuwa, amma magana ce ta wasa. Wanda ya rubuta ta a wasiƙar ta'aziyya ya ƙara wa masu makoki ciwo. "Passed away" ita ce daidai da "ya riga mu gidan gaskiya".

Sai kuma Turancin titi. Wani zai ce ai ƙamus na Oxford ya karɓi "okada" da "Kannywood" da "next tomorrow" a 2020, don me malamai za su hana? Gaskiya ne, muna kuwa murna da haka. Amma ƙamus yana rubuta abin da mutane ke faɗi ne, bai ce a faɗe shi ko'ina ba. A nan "go-slow" cunkoson motoci ne. A Ingila kuwa ma'aikata ne ke jan ƙafa da gangan don neman hakkinsu. Rigar gona riga ce, amma ba a zuwa sujada da ita. Haka nan ba a sa Turancin tasha a wasiƙar neman aiki.

Saboda haka, ya ku ɗalibai, kowa ya keɓe ƙaramin littafi. Duk karin maganar da kuka tarar, ku rubuta ta tare da jimlar da ta zo a ciki, ku nemo takwararta ta Hausa in akwai, sa'an nan ku tambayi malami ko ta dace da rubutun jarrabawa. Iyaye kuma su taimaka da sayen ƙamus mai kyau. Matambayi ba ya ɓata. Ubangiji ya ba ku nasara.