Maganin Ƙwayoyin Tushe: A Rarrabe Aya da Tsakuwa

Da wuya a sami ɗalibi a wannan jami'a wanda bai san gidan da amosanin jini, watau sikila, ya shiga ba. Waɗansunmu sun kwana a bakin gadon ƙane ko ƙanwa, suna jin kukan ciwon ƙashi har gari ya waye. Saboda haka duk sa'ad da aka ce likitoci sun sami hanyar gyara jiki da ƙwayoyin jikin kansa, lalle ne mu kasa kunne. Amma wajibi ne kuma a kanmu, mu da al'umma ta ɗauki nauyin karatunmu, mu rarrabe wa jama'a abin da ya tabbata da abin da yake cinikin baki ne kawai.

Jikin ɗan Adam kullum cikin gyaran kansa yake. Jan ƙwayar jini ba ta wuce kwana 120 a raye, fatar cikin hanji kuwa takan sabunta cikin 'yan kwanaki. Masu wannan aiki su ne ƙwayoyin tushe, waɗanda ke zaune a ɓargo da fata da hanji da gefen baƙin ido. Idan ɗaya ta rabu biyu, takan bar irinta a gida, ta kuma fitar da wadda za ta zama jini ko fata. A 1961 ne James Till da Ernest McCulloch suka nuna samuwarsu a ɓargon ɓera a birnin Toronto. Ana samunsu a jikin babba da na yaro, ba a bukatar taɓa ɗan tayi, don haka gardamar da ta dabaibaye ƙwayoyin ɗan tayi ba ta shafe su ba.

Aikin da ya fi kowane tabbata shi ne dashen ɓargo. Ana kashe ɓargon majiyyaci da magunguna masu ƙarfi, sa'an nan a ɗura masa ƙwayoyin tushe na mai lafiya ta jijiya, su tafi cikin ƙashi su kafu, su soma ƙera sabon jini. Likita Donnall Thomas na Amurka ya fara gwada wannan ga mutane tun wajen 1957, ya sha faɗuwa shekara da shekaru, kafin a ba shi lambar Nobel a 1990. A 1984 aka ba da labarin wata yarinya a Amurka da aka yi wa dashe saboda sankaran jini, sai ga shi amosanin jinin da take fama da shi ya tafi tare da sankaran. Har wa yau, a 1983 likitocin Boston sun ceci yara biyu 'yan'uwan juna da wuta ta cinye kusan dukkan fatarsu, ta hanyar renon 'yar fatar da ta rage a ɗakin gwaji. A 2015 kuma Tarayyar Turai ta amince da maganin Holoclar, wanda masana na ƙasar Italiya suka haɗa don gyara idon da guba ko wuta ta ƙona.

Iyakar abin da ya kafu sosai ke nan: jini, fata, gaban ido, da 'yan kaɗan makamantansu. Amma a kasuwa ana jin wata magana dabam. Akwai wuraren shan magani a ƙasashe da yawa da ke ɗebo kitsen mutum ko ɓargonsa, su tace, su yi masa allura, su ce zai warke daga shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon sukari, ko tsufa ma ɗungurungum. A 2015 mata uku tsofaffi a jihar Florida sun biya kuɗi aka yi musu irin wannan allura a idanu biyu, ganinsu ya lalace, ɗaya ta makance gaba ɗaya. Manyan jami'o'i ma ba su tsira ba. A 2018 Jami'ar Harvard ta nemi a janye takardun bincike 31 na ɗakin gwajin Piero Anversa, wanda ya daɗe yana cewa ya gano ƙwayoyin da ke sabunta tsokar zuciya, bayan an tarar da ƙage a cikin sakamakon. In ƙarya ta iya kwana a Harvard, ina ga ɗan kantin da ke talla ta wayar hannu?

Dashen ɓargon kansa ba wasa ba ne. Sai an sami wanda jikinsa ya dace da na majiyyaci, kuma ko tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewar ɗaya ce cikin huɗu. Sabon ɓargon yana iya juyowa ya yaƙi jikin da ya karɓe shi, magungunan suna iya hana haihuwa, wani majiyyacin ma yakan rasu. Sabuwar hanyar da Ingila da Amurka suka amince da ita a 2023, mai suna Casgevy, tana gyara ƙwayoyin tushe na majiyyacin da kansa a mayar masa, amma an sa mata kuɗi dala miliyan 2.2 a Amurka. Wane malamin firamare ne, ko wane akawu, zai tunkari wannan?

To, ina muka tsaya? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 da amosanin jini kowace shekara a Nijeriya, abin da babu ƙasar da ta kai. Duk da haka sai a 2011 aka yi dashen ɓargo na farko a ƙasar nan, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, na Legas kuma ya bi sahu a 2024. Likitocinmu sun nuna sun iya. Abin da ya rage aikin masu riƙe da baitulmali ne.

A ganinmu ya kamata Gwamnatin Tarayya da na jihohi su fara daga tushe. Dashe ba ya yiwuwa inda babu ma'ajiyar jini mai aminci, da ɗakin gwajin dacewar jiki, da wutar lantarki da ba ta ɗaukewa, da nas-nas masu horo na musamman. Waɗannan za su amfani mai haihuwa da wanda ya yi haɗarin mota tun kafin a yi dashe ko ɗaya. Sa'an nan a kafa cibiyar dashe a asibitocin koyarwa na Arewa, a sa hydroxyurea da allurar rigakafi cikin abin da talaka zai iya samu. Hukumomin da ke lura da likitoci da magunguna kuma su sa ido a kan duk mai tallan allurar ƙwayoyin tushe, ya kawo hujjar gwaji ko a rufe masa ƙofa.

Mu ɗalibai da matasan ma'aikata, namu ya fi sauƙi. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Jihar Kano ta mai da gwajin jini kafin aure doka a 2024, amma mai ilmi bai kamata ya jira doka ba, kuma gwajin ya fi amfani tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. Mu ba da jini a asibiti. In wani ɗan'uwa a gida ya ce zai sayar da gona don kai yaro a yi masa allurar da ya ji a talla, mu zaunar da shi, mu raka shi wurin likitan jini a asibitin koyarwa, ya ji ta bakinsa kafin ya sa hannu a takardar ciniki.