Jami'ar Ahmadu Bello Daga Aji Ɗaya Take Somawa

Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa daga Zariya, da ya kai Samaru zai ga ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, ya ga dogon benen ofisoshinta, da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim. Mu mutanen Arewa mukan nuna wa baƙi wannan wuri muna alfahari, kuma ya cancanta. Amma muna so mu tuna wa masu karatu, musamman malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi, magadan akawunan En'e, cewa harsashin wannan gini a hannunsu yake.

Bari mu waiwayi mafari. Kwamitin Ashby ya miƙa rahotonsa a kan ilmi mai zurfi cikin 1960. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi doka cikin 1961, aka buɗe jami'ar ran 4 ga Oktoba, 1962, Sardaunan Sakkwato shi ne uban jami'a na fari, Dokta Norman Alexander, mutumin New Zealand, shi ke riƙe da ita. Ba a fili aka soma ba. An haɗa Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Samaru, da Makarantar Koyon Aikin Mulki ta Kongo, wadda asalinta wurin horar da akawuna ne, da tashar binciken aikin gona ta Samaru, da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano. Ɗalibai 426 kaɗai aka fara da su.

To, ga abin lura. Ran da aka buɗe ƙofa, 'yan Arewa da suka isa shiga kaɗan ne ƙwarai, domin makarantun ƙasa ba su yaye su ba. Gini ya samu, malamai sun zo daga ƙasashe dabam dabam, amma masu zama bisa benci sun yi ƙaranci. Saboda haka a zamanin Dokta Ishaya Audu, wanda ya karɓi ragama cikin 1966, aka kafa makarantar share fage, watau inda ake cike wa yaro giɓin da ya taso da shi kafin ya shiga karatun digiri. Wannan dabara ta yi amfani, amma magani ce, kuma rigakafi ya fi magani.

Ba mu musun abin da jami'ar ta yi. Irin dawa da masara da gyaɗa da auduga da aka inganta a Samaru sun shiga gonakin talakawa. Kongo ta horar da alƙalai da lauyoyi da ma'aikatan mulki. Kwalejin Kano ta girma har ta zama Jami'ar Bayero cikin 1977. Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya zama shugaban ƙasa cikin 2007, a nan ya karanta kimiyya. Ko wajen wasanni haka ne. Oliver Johnson, Ba'amurke, ya yi shekaru yana koya wa yara ƙwallon kwando a filin jami'ar, cikinsu har da Masai Ujiri, wanda ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors sa'ad da ta ci gasar NBA cikin 2019. A lura fa, tun yana yaro aka kama hannunsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Cikin 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓi jami'ar. Tun daga nan waɗansu daga cikinmu suka naɗe hannu, suka ce ai ta zama kayan gwamnati, Legas ko Abuja ita ta sani. Lalle albashin malaman jami'a nauyin Tarayya ne, kuma mun ga abin da sakaci da shi ke jawowa, domin cikin 2022 yajin aiki ya rufe azuzuwa wata takwas. Amma firamare fa? Wannan tamu ce, tana ƙarƙashin jihohi da ƙananan hukumomi. Yaron da ya gama aji shida bai iya karanta wasiƙa ba, ba Abuja ce ta cuce shi ba. In ya tsallake zuwa sakandare da wannan rauni, jarrabawar shiga jami'a za ta tsai da shi a bakin ƙofa, ɗan wani ya wuce. Sa'an nan mu koma muna gunaguni wai an danne mu, alhali kuwa jami'ar tun asali an buɗe ta ga kowa ne, ba a tambayar ƙabila ko addini.

Waɗansu za su ce malami ba ya koyarwa da yunwa. Gaskiya ne. Shi ya sa maganarmu ta haɗa da ma'aikacin da takardar albashi ke bi ta teburinsa. Wanda ya jinkirta ta, ko ya sa sunan malamin da babu shi, ya sani ya rushe wa wani yaro hanyar Samaru. Malami kuma da aka biya shi, ya shiga aji kan lokaci, ya duba littafin kowane yaro, 'ya mace da ɗa namiji.

Sardauna da kansa, da ya fito Kwalejin Katsina cikin 1931, aikin da ya fara shi ne koyarwa a Makarantar Midil ta Sakkwato. Mai riƙe da alli yau ya tuna da wannan gobe da safe in ya buɗe rajista. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.