Delhi Ba Asibiti Kaɗai Ba Ce

Mako uku na yi a Delhi ina jinyar kawuna, kuma a kwana goman farko ban san wata hanya ba sai ta masauki zuwa asibiti. Haka da yawa daga cikinmu ke yi. Mu sauka da takardun likita, mu koma gida da ledar magani, in an ce yaya Indiya sai mu rasa ta cewa. Ni a ganina wannan asara ce babba. Duk wanda Allah ya kai shi birnin nan, ya ware ko da yini biyu ya zaga.

Kawu ne da kansa ya kore ni. Da ya fara jin sauƙi sai ya ce, "Ɗana, tashi ka je ka buɗe ido. Zamanka a gefen gado ba shi zai warkar da ni ba."

Na shiga jirgin ƙasa na cikin gari na sauka a Chandni Chowk, tsohuwar kasuwar da kafaɗa ke gogar kafaɗa, ƙanshin kayan yaji na shiga hanci, ga kekuna masu ƙafa uku irin namu na adaidaita sahu. Daga nan na taka zuwa Masallacin Jama, wanda Sarki Shah Jahan ya kammala a 1656. Jan dutse ne da farin marmara, da tafkin alwala a tsakiyar fili, tantabaru suna ta shawagi. An ce harabarsa tana ɗaukar mutum 25,000. Na yi azahar a sahu ɗaya da mutanen da ba na jin yarensu, amma da liman ya kabbara sai baƙunta ta gushe.

Washegari na je Qutb Minar, hasumiyar da aka soma ginawa wajen 1199, mai tsawon kusan mita 73, an sassaƙa ayoyi a jikinta. A nan na tuna da matafiyin nan Ibn Battuta. Ya yi alƙalanci a Delhi zamanin Sarki Muhammad bin Tughluq, daga baya kuma, a 1353, ƙafarsa ta taka Takedda a ƙasar Nijar ta yau. Ashe tun kafin finafinan Indiya su shigo gidajenmu akwai wanda ya ga nan ya ga can.

Na san za a ce wanda ya zo da marar lafiya ina shi ina yawo. Gaskiya ne aljihu a matse yake, kuma kuɗin shigar baƙo wuraren tarihi ya fi na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba. Birnin ma ba ya rasa wahala: a Nuwamba hayaƙi kan turnuƙe sararinsa idan manoman Punjab da Haryana suka ƙona karan shinkafa, a Mayu kuma zafi ba magana. Amma mai jinya shi ma mutum ne, zuciyarsa na buƙatar iska. Wanda ya biya kuɗin jirgi ya ƙetare teku, bai kamata kuɗin jirgin ƙasa na cikin gari ya gagare shi ba.

Da na ba kawu labari, shiru ya yi. Juma'ar ƙarshe kafin mu taso ya ce sai an kai shi Masallacin Jama. Matakalan masallacin suna da yawa, muka hau ɗaya bayan ɗaya yana dafe da kafaɗata. Yau idan aka tambaye shi Indiya, ba da aikin tiyata yake farawa ba, da wannan Juma'ar yake farawa.