Masu Jin Haushin Kambili

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan da fitowar Purple Hibiscus, littafin Chimamanda Ngozi Adichie na farko, wanda aka buga a 2003 tana da shekara 26, amma har gobe in aka ɗauko zancensa a cikin masu karatu sai an samu wanda zai ce Kambili ta ba shi haushi. Na sha jin haka daga bakin malaman makaranta da kuma waɗanda suka karanta shi don jarrabawar WAEC. Ƙorafin kusan iri ɗaya ne: yarinyar ta cika sanyi, ana cutar ta tana sunkuyar da kai, sai ka ji kamar ka shiga cikin littafin ka girgiza ta. Ni kuwa ina ganin an yi wa yarinyar nan rashin adalci, kuma abin ya daɗe yana ci mini rai.

Ga wanda bai karanta ba, Kambili 'yar shekara 15 ce a Enugu. Mahaifinta Eugene Achike attajiri ne mai masana'antu da gidan jarida, ɗan Katolika mai tsananin riƙon addini, mai buɗaɗɗen hannu wanda gari ke yabo. A cikin gida kuwa ya rubuta wa ita da yayanta Jaja jadawali ya manna a bango, lokacin karatu, lokacin addu'a, lokacin barci, har lokacin da za a zauna da iyali. Ranar da ta zo ta biyu a aji, da kansa ya kai ta makaranta, ya sa ta nuna masa yarinyar da ta zo ta ɗaya, ya miƙa mata madubi yana tambaya ko waccan ta fi ta yawan kai ne.

Wurin da ya kamata masu jin haushin su tsaya su duba shi ne wurin shayi. In uban zai sha shayi yakan miƙa wa yaran kofin su fara kurɓa, alamar ƙauna. Shayin na ƙona mata harshe, ita kuma tana marhabin da ƙunar, domin a wurinta soyayyar uba ce ke shiga jikinta. In Jaja ya faɗi wata magana da ta sa uban ya yi murmushi, sai ta ji ina ma ita ta faɗa. Tsoro yana nan, ba a musu, amma abin da ya fi ɗaure ta shi ne tana son mutumin nan da gaske, kuma ba ta san wata hanyar samun sonsa ba face ta zama abin da yake so. Mai karatu yana ɗokin ya ga ta tsane shi. Adichie ta hana shi wannan, kuma nan ne ƙarfin littafin yake.

Ana ɗaukar irin wannan yarinya kamar ba ta yin komai, alhali aiki take yi dare da rana. Tana karanta fuska, tana auna sautin taku, tana tauna kowace kalma kafin ta fito, galibi ma sai ta maƙale mata a wuya. Wanda ya ƙarar da hankalinsa wajen gano abin da wani yake so, yaushe zai samu sararin tambayar kansa abin da shi yake so? 'Yan ajinsu sun ce girman kai gare ta, saboda da an kaɗa ƙararrawa sai ta ruga wajen mota ba ta tsaya hira ba. Ba su san ranar da ta ɗan makara mari ta sha ba. Amaka ma, 'yar gwaggonta, da farko kallon 'yar masu kuɗi mai ji da kai ta yi mata. Amaka dai ta canza da ta gane abin da ke ƙasa. Mai karatu kuwa tun shafin farko aka nuna masa komai, don haka uzurinsa bai kai na Amaka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, da yawa daga cikin masu cewa ta ba su haushi a takarda, in suka gan ta a unguwa 'yar albarka za su kira ta. Mu ne fa muke yabon yarinya da cewa ko yatsa ka sa mata a baki ba za ta ciza ba. Irinta iyaye mata ke nema wa 'ya'yansu maza. In an kai ta ɗakin miji ta fara ramewa, sai a ce ta yi haƙuri, dama can mai haƙuri ce. Ba na faɗa da kunya ko biyayya, a kansu aka raine ni kuma ina godiya. Sai dai a duba gidan gwaggo Ifeoma, mahaifiyar Amaka, a Nsukka, malamar jami'a, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku a ɗan ƙaramin gida, ruwa sai an tara, man fetur sai an yi layi. Yaranta suna addu'a da dare, suna girmama kakansu, in sun yi rashin kunya tana hukunta su. Amma suna musu a wurin cin abinci, suna dariya har da ƙyaƙyatawa. Tarbiyya tana gidajen biyu. A ɗaya ne kawai yaro zai faɗi ra'ayinsa ya kwana da tabbacin ana sonsa.

Akwai masu kare Eugene, suna cewa niyyarsa mai kyau ce, hannunsa ne ya yi nauyi. Suna tuna yaran da yake biya wa kuɗin makaranta, da jaridarsa da ta tsaya wa mulkin soja har aka kashe editanta Ade Coker da bam a cikin saƙo, kamar yadda aka yi wa ɗan jarida Dele Giwa a 1986. Duk gaskiya ne. Yana ma hawaye lokacin da yake zuba wa Kambili tafasasshen ruwa a ƙafa, don ta kwana gida ɗaya da kakanta mai bin addinin gargajiya ba ta faɗa masa ba. Hawayen nan bai hana ƙafar saɓulewa ba, bai kuma mayar da cikin da matarsa Beatrice ta yi ɓarinsa saboda duka ba. Gubar da Beatrice ta zuba masa a shayi har ya mutu kuwa, ba na cikin masu tafa mata. Kisan kai ne, littafin ma bai yi mata guɗa ba, tunda Jaja ne ya ɗauki laifin ya yi kusan shekara uku a kurkuku.

Masu raina Kambili sukan ce canjin da ta yi bai taka kara ya karya ba. Ranar da Amaka ta yi mata gori a kan gyaran ganyen miya, Ifeoma ta ce ta buɗe baki ta ba ta amsa. Cikin sanyin murya ta ce ba sai an yi mata tsawa ba, ba ta iya ba ne, a nuna mata. A wurin mai baki wannan ba komai ba ne. A wurin yarinyar da ba ta san sautin dariyarta ba, karon farko ke nan da ta yarda wani ya ɓata rai da ita. Har ƙarshen littafin tana sa a yi wa mahaifinta addu'a a coci kowace Lahadi ba tare da ta gaya wa Jaja ba, kuma wannan ya fi komai baƙanta wa wasu masu karatu rai. Ni da Adichie ta rubuta akasin haka, da ban yarda ta san yarinyar da take ba da labarinta ba.