Masassarar da Ba ta Sauro Ba Ce

Ɗan'uwa, ka sha maganin masassarar cizon sauro sau biyu, har sau uku. Jiki ya yi sanyi kwana kaɗan, zafin ya sake dawowa. Da dare zufa tana jiƙa tabarmarka, baya da gwiwoyi suna ciwo, kana ta ramewa. A gida an fara cewa sammu ne. Kada ka yi saurin yarda.

Akwai wata ƙwayar cuta da likitoci suke kira burusela. Tana zama cikin shanu, awaki, tumaki da raƙuma, kuma tana sa dabba ta yi ɓari. Mutum yakan ɗauke ta idan ya sha madarar da ba a tafasa ba, ko ya kama ɗan ɓarin da mabiyiya da hannu ba safa. Daga nan sai ta shiga jini. Ba kullum muke ganinta ba, shi ya sa take ɓuya a bayan sunan sauro.

A ganina, abin da ya fi wahalar da masu wannan ciwo shi ne kafson da suke saya a kasuwa kafin su zo asibiti. Na san dalili. Hanya tana da nisa, kuɗin mota ba wasa ba ne, mai tallan magani kuwa yana bakin ƙofa. Amma kafso huɗu ko biyar ba ya kashe wannan ƙwaya, kwantar da ita kawai yake yi. Sai ka iso, a ɗibi jini, a rasa ta, alhali tana nan.

Ga yadda ake nemanta. Akwai awon jini na sauri da ke nuna alamarta. Inda kuma akwai kayan aiki, ana zuba jininka cikin kwalba, a ajiye a wuri mai ɗumi irin na jikin mutum, a jira ƙwayar ta yaɗu har a gane ta. Yawancin ƙwayoyin cuta suna bayyana cikin kwana 2 ko 3. Wannan mai nawa ce, takan kai sati ɗaya, wani lokaci ta wuce. Jiran nan ba sakaci ba ne. Wanda jikinsa ya yi tsanani, ana ɗibar jininsa a fara masa magani nan take.

Kai ma kana da naka aiki. Faɗa wa likita cewa kana kiwo, ko kana fawa, ko akuyarku ta yi ɓari watan jiya. Faɗi duk maganin da ka sha, ba wanda zai yi maka faɗa.

Maganin iri biyu ne a haɗe, sati 6 cur. Bayan sati na biyu za ka ji kamar ka warke, a nan mutane da yawa suke ajiye shi, ciwon ya dawo, wani sa'in ya sauka a ƙashin baya ko a maraina. Ɗaya daga cikin magungunan yakan mai da fitsari ja-ja, wannan ba jini ba ne. Mace mai ciki da yaron da bai kai shekara 8 ba, nasu daban ne, don haka kada ka raba naka da kowa.

Idan kuna shan madarar garke ɗaya a gida, duk wanda yake masassara a kawo shi a duba. Daga yau kuma a tafasa madara kafin a sha, kafin a yi nono da ita.