SHARHI: Ƙidayar ungulu daga mayanka za ta fara

A watan Yunin 2019 aka tsinci matattun ungulaye birjik a kasuwar Eke Ihe da ke ƙaramar hukumar Awgu a jihar Enugu. Labarin ya yi kwanaki a bakin jama'a, sannan ya lafa. Matsalar da ya bankaɗo kuwa tana nan.

Tun 2015 ƙungiyar IUCN ta sanya ungulun da muka saba gani a mayanka cikin halittun da ke dab da ƙarewa. A Yammacin Afirka, guba da ake zubawa a mushe da cinikin kawunansu don haɗa magani da tsibbu ne ke cinye su. A 2020 an kashe fiye da 2,000 da guba a Gini Bisau.

Asarar ba ta tsuntsu kaɗai ba ce. A Indiya, maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kusa shafe ungulaye kafin a haramta shi a 2006. Mushe ya taru, karnuka suka yawaita, ruwa ya gurɓata. Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa hakan ya jawo mutuwar mutane kimanin 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

Najeriya ba ta rasa doka ba: akwai ta kare halittun da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016. Sai dai doka ba ta kare abin da ba a san yawansa ba. Masu bincike na cibiyar APLORI da ke Jos da gidauniyar NCF ba za su iya tsayawa a kowace kwata ba.

Mahauta kuwa kullum suna can. Daga masu sayar da nama a kasuwar Ochanja ta Onitsha zuwa fataken shanu na Amansea da Ugwuoba, su ne ke fara lura idan ungulu ta daina sauka. Ya kamata Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya da hukumar NESREA su zauna da sarakunan fawa, a ware rana guda kowane wata ta ƙirga ungulaye da kai rahoton duk wadda aka tsinta a mace, a kuma sanya kuɗin aikin a kasafi. Shara ce ungulu ke kwashewa kyauta. Ran da ta ƙare, baitulmali zai biya.